Kwamfaila da Irin Cittar Baba

Shagon da na yi aikin buga takardu a Kafanchan yana kan hanyar da ta gangara tashar jirgin ƙasa, tsakanin mai gyaran rediyo da wata mai kunun zaƙi. Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne, soja na kan mulki, fetur kuma sai wanda ya jure layi. Kwamfuta biyu muke da su. Ɗaya ta aiki ce, da ita nake buga wa mutane takardun neman aiki da tsarin sujadar aure da ta jana'iza. Ɗayar tsohuwa ce, an tura ta lungu an lulluɓe da zanen gado. Mai shagon, wani dattijo da ya yi ritaya daga reluwe, a kanta yake ajiye kwanon abincinsa.

Ni ba mai haƙuri ba ce, duk layin an san da haka. In ka kawo mini rubutun da kai ma ba ka iya karantawa, ka kuma tsaya a kaina kana azalzala ta, za ka ji abin da ba shi ka zo ji ba. Mutum ɗaya ne ban taɓa iya ɗaga wa murya ba, wani malamin lissafi a kwalejin horon malamai, Bafulatanin Jere, siriri, mai magana a hankali. Takardun darasinsa yake kawowa in buga.

Wata rana yana jira sai ya ɗaga zanen gadon nan, ya tambayi Baba mai shago ko tsohuwar tana tashi. Baba ya ce tana tashi, sauri ne ba ta da shi, kamar mai ita. Nan Malam ya ba mu labarin wani abu wai shi Linux. Ya ce tsari ne da ke tafiyar da kwamfuta tun daga tushe, kuma ba na wani kamfani ba ne. Mutane ne a ƙasashe daban-daban suka rubuta shi, kowa ya sa abin da ya iya. An yarda ka kwafa, ka buɗe cikinsa ka karanta, ka gyara, ka ba wani. Shi ya kwafo a Zariya wurin abokinsa, yana nan cikin kwalin takalmi cike da ƙananan faifan kwamfuta da ake kira diskit, injin da zai zuba shi ne ba shi da shi. In Baba ya ara mana tsohuwar, zai zuba, ya ɗora kayan rubuta manhaja a kai, ya koya mini.

"Malama," ya ce, don haka yake kirana, "har yaushe za ki yi ta buga maganar wasu? Ba kya so ki faɗa wa injin taki maganar?"

Tambayar nan ta kama ni. Na tafi gida da ita, na dawo da ita washegari.

Rana ce ta zama matsala. Ranakun aiki shi yana aji, ni ina fama da kwastoma. Lahadi ina majami'a. Asabar kaɗai ta rage. Ga shi kuma an ba shi gurbin ƙaro karatu, da zarar zangon nan ya ƙare zai bar gari da kwalinsa. Asabar ɗina kuwa tana da mai ita.

Ƙauyenmu yana bayan Godogodo, manoman citta ne mu. Babana ya rasu 'yan shekaru kafin nan, ya bar mana gona da iri. Wadda ake kira tafin giwa ce, rawaya, mai kauri, wadda ya gada wurin nasa uban. Citta ba ta da ƙwaya da za ka zuba a kwalba ka ajiye. Jikinta ake shukawa. Kowace shekara sai ka zaɓi masu kyau ɗanyu ka binne a inuwa, su za ka ɓaɓɓalla ka shuka baɗi. Shekara ɗaya ka yi sake, iri ya yanke. Babana a gindin mangwaron bayan gida yake haƙa raminsa, bayan rasuwarsa Mama ta ci gaba a wuri ɗaya. Ba ta taɓa ce mata cittarmu ba, kullum cittar babanku.

Kuma citta tana da wani hali: in an shuka ta dole a rufe ta da ganye mai kauri ba da jimawa ba. In ba haka ba rana ta dafa ta a cikin ƙasa, ruwan sama ya kwashe abin da ya rage. Maza ke gyara ƙasa su shuka, rufi aikin mata ne. Ganyen daga kurmin bakin rafi ake saro shi, a ɗauko a ka, ɗauri bayan ɗauri. Mace ɗaya ba za ta iya gonarta ita kaɗai ba, shi ya sa matan majami'armu suke gayya kowace Asabar a farkon damina, yau gonar wannan, mako mai zuwa ta waccan. Dokar ɗaya ce: ko ki zo da kanki, ko ki turo wata daga gidanki. Gwiwar Mama ta daɗe tana kumbura. Yayana yana soja a nesa, ƙanwata ta yi aure a Mararaban Rido. Ni ce ƙafar gidanmu. Duk Jumma'a da yamma nake hawa mota in tafi.

Na sami Mama tana tone ramin iri lokacin da na faɗa mata maganar Malam. Ban gama ba ta ce in je in koya, ita za ta riƙa zuwa gayyar, gwiwar ai ba ta mutu ba tukuna. Na ce a'a, Mama, ba za ki iya ba. Sau ɗaya na faɗa, da ƙaramar murya. Da ta maimaita sai na ji daɗi a raina da ba ta karɓi a'ar tawa ba. Idona na kan gwiwar a lokacin, ta yi kamar ƙaramar kabewa.

Zuba Linux a wancan zamani aikin mai dogon rai ne. Tsohuwar ba ta da wurin sa faifan CD, sai diskit. Malam ya fara da yanka faifan cikinta gida-gida, sannan allo ya yi shuɗi ya shiga neman diskit ɗaya bayan ɗaya. Ni ke cirewa in sa na gaba. Kowanne sai ya yi ta ƙugi yana nishi kafin ya ce a kawo wani. To farkon damina ne, kuma masu wutar garin nan da sun hango hadari, ko da a Jos yake, sai su ɗauke. Mu yi nisa, ɗif. A koma farko. Baba mai shago yana da janareta, amma ya ce ɗan man da ke ciki na kwastoma ne, ba na wasan malamai ba. Zagin da na yi wa masu wuta a watan nan, fastonmu bai kamata ya ji ba. Malam kuwa sai ya ce ba komai, ya tafi sallar azahar ya dawo ya zauna.

Zaman jiran wutar ne ya fi damuna. In aiki na tafiya ina mantawa. In ya tsaya sai in tsaya a bakin ƙofa ina kallon hadarin da ya taso ta saman rumfunan reluwe, na san shi ne dai a kan matan da ke hawowa daga rafi, kuma a cikinsu akwai mai jan ƙafa. Amma ko sau ɗaya ban ɗauki jakata na nufi tasha ba. Wuta na dawowa nake komawa kujera da gudu.

Ranar da tushen ya zauna, kwamfutar ta tashi da baƙin allo, da wani ɗan layi yana ƙyaftawa. Babu hoto, babu komai. Na ce wa Malam wahalar da muka sha ke nan a kan wannan? Ya yi dariya ya ce ɗaki muka gina, ba mu shigo da kayan aiki ba. Ya lissafo mini su: edita da za a rubuta manhaja a ciki, kwamfaila mai juya abin da mutum ya rubuta zuwa yaren da inji ke ji, da wasu tarin fayiloli da kwamfailar ke jingina da su.

Ranar ce kuma gwiwar Mama ta ƙi. Ta faɗi da ɗauri a ka a gonar wata, mata suka kawo ta gida. Da na je Lahadi na tarar tana gasa ƙafar da tsumma da ruwan zafi. Ta ce kada in damu, ta yi magana da matan, sun gane. Na yarda, don yardar ta yi mini daidai. Na karɓi tsumman ina gasa mata, ina ba ta labarin Linux don in cika ɗakin da surutu: yadda mutanen da ba su san juna ba suka haɗa hannu suka gina shi, ba wanda ya biya su.

"Ashe su ma suna gayya," ta ce. "Wanda bai zo ba fa, me suke yi masa?"

Na ce ba sa yi masa komai, shi ma sai ya ɗauka ya yi amfani da shi.

"Lallai suna da kirki."

Ba da wata manufa ta faɗa ba, na san Mama. Amma sai da na ji ruwan ya fi ƙona ni fiye da ita.

Asabar ɗin da suka biyo baya babu wanda ya je daga gidanmu. Ni ina can ina dambe da edita mai suna vi. Ni da nake taƙama babu mai saurin hannuna a Kafanchan, sai ga shi ina danna harafi injin yana yi mini ƙara, rubutu ya ƙi fita. Da ya fita kuma na rasa hanyar fita daga editan. Raina ya ɓaci na miƙa hannu zan zare waya daga bango. Ranar kaɗai na ji muryar Malam ta tashi. Ya ce Linux ba a kashe shi haka, sai an yi masa sallama ya tattara kayansa, in ba haka ba gobe ya tashi a birkice. Na janye hannu ina gunaguni.

Sannan muka zuba kwamfaila. Malam ya sa na rubuta manhajata ta farko da yaren kwamfuta mai suna C, 'yan layuka kaɗan, aikinta kawai ta rubuta gaisuwa a allo. Na buga gcc, wato sunan kwamfailar, da sunan fayil ɗin, na danna. Injin ya ce bai ga wani fayil wai shi stdio.h ba. Muka sake, ya maimaita. Malam ya bi diskit ɗin ɗaya-ɗaya har ya zo kan wanda ya yi ta ƙugi fiye da saura. Ya ja ɗan ƙarfen da ke bakin diskit ɗin ya ɗaga wa haske, sai ga funfuna ta yi fari a jikin faifan. Danshin damina ya ci shi a cikin kwali, kuma a kansa fayilolin suke. Ya ce babu makawa sai ya koma Zariya cikin mako ya kwafo wani.

A makon nan 'ya'yan kawuna suka shuka mana cittar, don an yi ruwa mai kyau kuma irin ya riga ya fara tsiro a rami. Layin rufin gonarmu Asabar mai zuwa ne.

Lahadi bayan sujada Uwar Zumunta ta tare ni a gindin bishiyar ƙofar majami'ar ƙauyenmu. Ita ce shugabar matan, ƙawar Mama tun suna 'yan mata, ita ta yi mini wankan farko. Ta ce 'yar birni, an daina ganinki. Ta ce cittar babana tana ƙasa, layinmu ya zo, kuma matan suna tambayarta ina ƙafar gidanmu ta shiga. Yanzu da nake tunawa, a hankali ta faɗa, har da murmushi. Amma ta taɓa inda yake yi mini ciwo, ni kuma in abu ya yi mini ciwo bakina ke fara tashi. A gaban kowa na ce ban yi makaranta don in ƙare da ɗaukar ganye a ka ba, in ƙirga zuwa suke yi su riƙe gayyarsu, ba mu roƙi kowa ba.

Mama ta dogara sandarta ta kama hanyar gida. Na bi ta a baya ina jiran faɗa, faɗan bai zo ba. Da zan tafi na ce Jumma'a zan dawo, in je in ba Uwar Zumunta haƙuri kafin a fita gona. Ta ce to.

Jumma'a da yamma ina rufe injin aiki Malam ya shigo da sabon diskit a aljihun gaba. Ya ce Lahadi zai tashi, gobe ce ta ƙarshe. Na ce mu yi yanzu-yanzu. Babu wuta. Na tsaya da jaka a kafaɗa ina lissafi irin na mai neman mafita: matan ai za su zo, shekara nawa ana tare, magana ɗaya ta yarinya ba za ta hana su ba. Na je tasha na ba direban ƙauyenmu saƙo ya gaya wa Mama ina nan tafe gobe kafin rana ta take.

Wutar ba ta zo ba sai da hantsi ya yi nisa. Muka zuba abin da ya rage. Na sake buga gcc, na danna. Injin ya ɗan yi nishi, ya dawo da layinsa mai ƙyaftawa, bai ce komai ba. Na juya zan fara masifa, Malam ya ce shirun nan shi ne nasara, kwamfaila ba ta magana sai in ta ga laifi. Ya ce in kira manhajar. Na kira. A baƙin allon nan sai ga fararen haruffa: Sannu da aiki.

Na yi murna, ba zan ce ban yi ba. Na buga tebur har kwanon Baba ya faɗi. Na canza gaisuwar na sake haɗawa, na sake canzawa. Malam ya nuna mini make, mai haɗa fayiloli da yawa da umarni ɗaya, muka kwafi diskit ɗinsa duka don in riƙe nawa. A duk tsawon lokacin nan ko sau ɗaya gona ba ta faɗo mini a rai ba. Sai da ya tashi zai je la'asar na dubi inuwar ƙofa, na ga rana ta yi nisa, na suri jakata na nufi tasha da gudu.

In ana gayya tun daga bakin hanya ake jin waƙar mata. Na sauka a mota ban ji komai ba. Mako guda ba a yi ruwa ba, rana kuwa ta yi ta zuba. Gonar tana nan ja, tsirara, ƙasar ta bushe ta tsattsage. Kusurwa ɗaya ce kawai a rufe. Can na hango Mama a zaune a ƙasa, ta miƙe ƙafar mai ciwo, tana jan wani tsohon zane da ta tara ganye a kai, tana shimfiɗawa iya inda hannunta ya kai, sannan ta ja jiki gaba.

Tun Litinin ta je wurin Uwar Zumunta ta ce a cire gidanmu daga layin bana. Ta ce ba za ta tsaya tana kallon mata suna zufa a gonar da ba ta rama musu ba, aka kuma zage su a kanta. Uwar Zumunta ta roƙe ta, ta ƙi. Duk wannan daga baya na ji. A lokacin ɗago kai kawai ta yi.

"Injin ya yi?"

"Ya yi, Mama."

"To, mun gode Ubangiji."

Na ajiye jaka na cire takalmi na nufi rafi ina kuka. Na aika wa Baba mai shago ba zan zo ba sai na gama. Litinin Uwar Zumunta ta zo da 'ya'yanta mata. Na durƙusa a gabanta cikin ƙasa, ta ce in tashi, ganye ake bukata ba gwiwa ba. Muka rufe gonar duka. Amma da na tona wani wuri na ciro iri, ya yi laushi a hannuna kamar dafaffen dankali. Da tsiro ya zo, nan ɗaya can ɗaya, sai kusurwar da Mama ta rufe da jan jiki ce ta yi kore sosai.

Cikin damina na kawo ta asibiti a Kafanchan saboda gwiwar, ta ce sai ta ga injin. Na zaunar da ita a kujerata, na haɗa manhajar a gabanta na kira. Karatun Mama na littafin waƙoƙi ne, a hankali take bi da yatsa. Ta karanta gaisuwar har ƙarshe, ta jira ko akwai saura. Babu. Ta tambaya ko shi ke nan abin, na ce shi ke nan na farko. Ta gyaɗa kai ta ce ba laifi, ya fi ni iya gaisuwa. Baba mai shago ya yi dariya har da tari, ni ma na yi, amma ban iya kallon fuskarta ba.

Na ci gaba da koyo ni kaɗai daga bayanan da ke cikin injin, da ɗan littafin da Malam ya bari. Kafin kaka ya aiko cewa wani abokinsa a Kaduna yana neman wanda ya iya zuba Linux ya kuma taɓa C, ya ba da sunana. Bayan Kirsimeti zan fara. Da na gaya wa Mama a zaune ta yi rawa, da kafaɗu.

Da aka haƙe cittar, duk abin da gonar ta bayar daro ɗaya ne. Na duba na ga akwai masu kyau a ciki, daga kusurwar nan. Hankalina ya ɗan kwanta. Na ce a raina ba za a sayar da ko ɗaya ba, a binne duka, baɗi a shuka ɗan fili, a hankali iri ya dawo. Har na fara tsara yadda zan riƙa zuwa daga Kaduna, ko da yake na san nisan, na kuma san kaina.

Asabar ta ƙarshe kafin in tafi na iso gida da rana. Ƙamshin ne ya tare ni tun daga ƙofa. Mama tana gindin mangwaro, daidai inda ake haƙa ramin, amma babu rami. Daron yana gabanta, wuƙa a hannunta, tana tsaga cittar gida biyu tana jerawa a tabarma don ta bushe. Cittar da aka tsaga aka shanya ta zama ta shayi da ta miya, ba ta sake tsiro. Ta riga ta wuce rabi.

"Mama, iri ne fa. Na Baba ne."

Ba ta daina ba. Ta ce za ta daka mini in tafi da shi, ta ji ofisoshin Kaduna suna da sanyi, ni kuma mura ba ta raga mini. Na ce ta bar sauran, ko kaɗan ne, mu binne. Sai ta ɗago ta dube ni, babu fushi a fuskarta ko kaɗan, tambaya ce kawai take so ta ji amsarta.

"'Yata, wa zai rufe shi baɗi?"

Na dubi gwiwarta, na dubi daron. Sai ta tura mini ɗaya wuƙar da ƙafarta mai lafiya. Na zauna a gefen tabarmar na ɗauki tafin giwa guda, mai kauri, da idanun tsiro a jikinsa, na tsaga.